Waiwaye: Yadda Aka Koya Mana Raba Aikatau da 'Yar Rakiyarsa a Turanci

A zamanin da muke kan bencin sakandare, darasin *phrasal verbs* darasin hadda ne tsantsa. Malami ya shigo da alli ya tsaga allo gida biyu, ya jera kalmomi a dama, ya jera a hagu. Na dama su ake iya rabawa, irin su *turn off* da *pick up* da *put on*. Na hagu ba a raba su ko da wasa, irin su *look after* da *come across* da *run into*. Mu kwafe cikin littafi, mu je mu yi ta bita har dare ya raba. Ranar jarrabawa wanda kansa ya riƙe ya haye, wanda jerin ya zube masa kuma sai ya koma canki-canka. In wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa ake cewa *turn it off* amma ba a cewa *look him after*?" amsar ba ta wuce, "Haka Turawa ke faɗi."

Ba na ganin laifin malamanmu, Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da aka ba su shi suka ba mu. Amma da na shiga koyarwa, na daɗe ina duba takardun yara masu shirin WAEC da NECO da JAMB, sai na ga irin ɓarnar da wannan amsa ta yi mana. Ta sa yara sun ɗauka abin ba shi da kan gado, alhali yana da dalili, dalilin kuma bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. Abin da ya fi ba ni takaici, rabin dalilin yana nan kwance cikin Hausar da yaron ya buɗi baki da ita, ba wanda ya nuna masa.

Bari mu fara da shi kansa abin. Turanci yana da ɗabi'ar ɗauko aikatau gajere ya haɗa shi da wata 'yar kalma, su biyun su ba da ma'anar da ba lalle ɗayansu ya ba da shi kaɗai ba. *Give* bayarwa ce, *up* sama ce, amma *give up* saduda ce. Wannan 'yar kalma ita nake kira 'yar rakiya. Ba yau ta fara ba. Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne da harshen Holan, kuma tsohon Turanci, na shekaru dubu da suka wuce, ya fi manna irin waɗannan kalmomi a goshin aikatau. Ragowar wannan tsari su ne *understand* da *overcome* da *uphold* da *withdraw*, waɗanda suka daskare ba su motsi. A Jamusanci har gobe wasu aikatau suna ɓalle goshin nasu su jefa shi can ƙarshen jimla: *anrufen* kiran waya ne, amma Bajamushe in zai ce "ina kiran ka" sai ya ce *ich rufe dich an*. Shi Turanci sannu a hankali ya sauko da 'yar kalmar ya ajiye ta bayan aikatau, ya bar mata damar matsawa. Shi ya sa yau ake da *overlook* da *look over*, ake da *uphold* da *hold up*, kowanne da ma'anarsa daban.

Sai kuma ga 1066, shekarar da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuma dama shi ne harshen coci da na malamai. Daga nan Turanci ya wayi gari da kalmomi bibbiyu a kan abu ɗaya, ta gida da ta aro: *give up* da *surrender*, *find out* da *discover*, *put off* da *postpone*, *put out* da *extinguish*, *put up with* da *tolerate*. Ta aron ta zama ta ƙasaita, ta gidan ta zama ta kasuwa da tsakar gida. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci waɗannan haɗe-haɗe a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙin harshen. Ashe tun kafin a kawo mana boko an san nan ne baƙo ke tuntuɓe. Sunan *phrasal verb* ɗin ma bai bazu ba sai a 1925, ta littafin Logan Pearsall Smith, wanda ya ce Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, shi ya ba shi shawarar sunan.

To, ina gizo ke saƙar? A jerin nan biyu na allo an cuɗa abubuwa iri biyu da suka yi kama a ido amma ba jininsu ɗaya ba. A wasu, 'yar kalmar ta aikatau ce, shi take yi wa rakiya, ita ke cika ma'anarsa. A wasu kuwa ba tasa ba ce sam, ta sunan da ke biye da ita ce, jagora take yi masa, kamar yadda "a" da "daga" da "cikin" ke yi a Hausa. Dubi waɗannan biyu. *He looked up the word*, wato ya nemo kalmar a ƙamus. *He looked up the hill*, wato ya ɗaga kai ya dubi saman tudu. A ta farko *up* ta *look* ce, don haka ana iya cewa *he looked the word up*. A ta biyu *up the hill* dunƙule guda ne mai nuna inda ido ya nufa, in ka cire *up* daga gaban *the hill* ka rushe jimlar. Duk abin da ake kira "ba a rabawa" nan ya samo asali. Ba wata doka aka kafa wa *look after* ba. *After* jagorar suna ce, kuma jagora ba ta komawa bayan wanda take yi wa jagora. Bahaushe ma ba ya cewa "na fito gida daga".

Da an faɗa mana wannan, da jerin ya ragu ƙwarai, domin kalmomin da yawa ba su da fuska biyu. *At* da *for* da *from* da *into* da *of* da *with* da *against* jagororin suna ne, sunansu ko wakilinsa a bayansu yake zuwa: *look at it*, *wait for him*, *run into her*. *Away* da *back* da *aside* da *apart* kuwa 'yan rakiyar aikatau ne, kuma *out* ma kusan kullum haka take: *throw it away*, *give it back*, *find it out*. Masu rikicin su ne waɗanda ke cin tudu biyu, irin su *on* da *off* da *in* da *over* da *through* da *across*, sai *up* da *down*, ko da yake waɗannan biyun na ƙarshe sun fi zama 'yan rakiya in ma'anar ba ta hawa da sauka ba ce. A kansu ne ya kamata malami ya ɓata lokacinsa.

Akwai kuma waɗanda zancen rabawa bai ma taso a kansu ba, don ba su da karɓau. *The lorry broke down*, mota ta lalace. *The plane took off*, jirgi ya tashi. Me za a saka a tsakani? Haka masu kalma uku, *put up with* da *run out of* da *look down on*, ta ƙarshensu jagorar suna ce, sai a bar su yadda suke: *I cannot put up with it*. Ba sai an daɗe a kansu ba.

Inda ya cancanci a zauna shi ne kan waɗanda ake rabawa, domin cewa "ana iya rabawa" bai ƙare zance ba. Yaushe ya zama dole, yaushe ya zama zaɓi, yaushe ya zama muni? An koya mana doka guda, kuma daidai ce: in karɓau wakilin suna ne, wato *it* ko *him* ko *her* ko *them* ko *me* ko *us*, dole ya shiga tsakani. *Turn it off*, ba *turn off it* ba. Amma ba a gaya mana dalili ba, ga shi kuwa dalilin shi ke warware sauran.

Jimlar Turanci tana son ta ajiye sabon labari da kaya mai nauyi a ƙarshe, nan ne murya ke dannawa. Abin da aka riga aka sani, mara nauyi, yana zuwa da wuri. Wakilin suna kuwa shi ne mafi rashin nauyi a duk harshen, domin ba ka cewa *it* sai ka tabbata mai sauraro ya san abin da kake nufi. Saboda haka yake lafewa jikin aikatau, ya bar wa 'yar rakiya kujerar ƙarshe ta ɗauki dannawar murya. Faɗi *turn it off* da ƙarfi ka ji inda muryarka ta sauka: a kan *off*. Sannan faɗi *wait for it*: muryar a kan *wait* take, *for* ɗin ma da ƙyar ake jin ta. Kunne yana rarrabe abin da ido ya kasa. Mu da harshenmu ke tafiya da karin sauti, hawa da saukar murya, ba mu saba sauraron dannawa ba, kuma a aji ba a cika karanta waɗannan misalai a bayyane ba. Rubuta su kawai ake yi a allo.

Shaidar cewa nauyi ne ke aiki ba doka busasshiya ba, ita ce in aka ɗora wa wakilin suna nauyi yana iya komawa ƙarshe. Dwight Bolinger, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fanni a 1971, yana cikin waɗanda suka lura da haka. Uwa tana iya cewa *I told you to wake up HIM, not HER*, tana danna *him* don ta bambanta shi da *her*. Ba na ba ɗalibi shawarar ya rubuta haka a jarrabawa, amma ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashin dokar. Haka kuma kalmomi irin su *this* da *everyone* da *something*, da yake suna da ɗan nauyi, suna zama a kowane gefe: *pick this up* ko *pick up this*.

Wannan ma'auni shi ke hukunci a ɗaya ɓangaren. In karɓau ya yi tsawo, ba a raba su. *They called off the meeting that the elders had fixed for Friday after prayers*: sun soke taron da dattawa suka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gwada tura *off* can bayan *prayers* ka gani. Kafin mai sauraro ya kai gare ta ya ɗauka kiran taron aka yi, sai a kalmar ƙarshe ya ji ashe sokewa ce. Ba za a ce nahawu ya karye ba, amma an wahalar da mutum a banza, kuma marubucin kirki ba ya haka. Na sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari, waɗanda suka riƙe cewa *call off* tana jerin dama, suna raba ta da tazarar layi guda don su nuna wa mai gyaran takarda sun san dokar. Ilimin jeri ne ya kai su.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, gajeren wakilin suna da dogon karɓau, akwai fili mai faɗi inda duka biyun daidai ne, *take off your shoes* da *take your shoes off*. Amma ko a nan ba sakaka abin yake ba. In aka tambaye ka me ka zubar, za ka ce *I threw away the old shoes*, domin takalman su ne labarin. In kuwa aka tambaye ka ina tsofaffin takalman nan, sai ka ce *I threw the shoes away*, domin an san da takalman, zubarwar ce labarin. Wanda ya gane wannan ya daina tambayar wanne ne daidai, ya koma tambayar me nake son mai sauraro ya riƙe. A ganina daga nan iya harshe ke farawa.

Yanzu ga inda Hausa ta shigo. Me ya sa yaranmu ke yawan rubuta *switch off it* da *throw away it*? Ba daƙiƙanci ba ne. Muna da aikatau masu tafiya da "da": sayar da, fitar da, zubar da, mayar da. Muna cewa "na zubar da ruwa", mu ce "na zubar da shi". Suna ko wakilinsa, duk bayan "da" suke zuwa, ba a taɓa cewa "na zubar shi da". Yaro ya ga *throw away* kalma biyu, ya ga "zubar da" kalma biyu, sai ya ɗora wannan kan wancan. Hankali ya yi amfani da shi, kuma tsarin nasa yana yi masa aiki lafiya lau a *look after him* da *wait for her*. A rukuni ɗaya ne kawai yake kayar da shi. Malamin da ya san haka zai nuna masa daidai inda hanyoyin biyu suka rabu, maimakon ya zana jan biro ya wuce.

Kuma Hausar ce za ta taimake shi ya karɓi dokar, domin mu ma aikataunmu ba ya yi wa suna da wakilin suna tarba iri ɗaya. Muna cewa "na sayi riga", amma "na saye ta". Muna cewa "na ga Audu", amma "na gan shi". Har a cikin masu "da" ɗin akwai siga ta biyu inda "da" ke faɗuwa wakilin suna ya manne: "na fitar da shi" ko "na fisshe shi", kuma kullum muna cewa "na gaishe shi". Ba Bahaushen da ya haddace jeri kafin ya iya wannan. In ka ce wa yaro, "Ka ga yadda 'sayi' ke komawa 'saye' in 'ta' ta biyo baya? To Turanci ma yana sauya tsari saboda *it*, sai dai shi wurin zama yake sauyawa," za ka ga fuskarsa ta washe. Na gwada wannan a azuzuwa dabam-dabam, kuma ya fi kowane jeri zama a kan yara. Abin baƙin ciki, a makarantu da yawa an mayar da ambaton Hausa a darasin Turanci kamar laifi, har tara ake ci.

Kada a ɗauka zancen ado ne kawai. Wani lokaci wurin da ka ajiye kalmar shi ne ma'anar. *I saw through him* na nufin na gano makircinsa. *I saw him through* na nufin na tsaya masa har ya fita daga matsala. Kalmomi huɗu ne iri ɗaya, ɗaya zargi, ɗaya alheri. *He turned on the radio* kunna rediyo ne, ana iya cewa *he turned it on*. Amma *the dog turned on its owner* kare ne ya juya ya far wa mai shi, kuma wannan *on* ba ta motsi. *He ran over the bridge* ya bi ta kan gada a guje, *he ran the goat over* ya take akuya da mota. Akwai ma 'yan kaɗan da kusan kullum a rabe suke ko da suna ne a tsakani, kamar *tell the twins apart*, wato bambance tagwaye.

Sakamakon koyarwar hadda shi ne tsoro, tsoro kuma ya haifi gudu. Wanda bai tabbata inda zai sa *it* ba sai ya kauce wa *put it off* ya kama *postpone it*, ya bar *put up with* ya ɗauki *tolerate*. Ba mu kaɗai ba ne. A 1985 Dagut da Laufer sun yi nazari a kan masu jin Ibrananci da ke koyon Turanci, suka tarar suna kauce wa irin waɗannan aikatau suna zaɓar kalma guda, domin harshensu ba shi da irin wannan gini. A wurinmu sai abin ya haɗu da son dogon Turanci, inda ake auna ilimin mutum da tsawon kalmominsa. Sai ka ga wasiƙar neman aiki cike da kalmomin Latin, amma mai ita in Bature ya ce masa *can you drop it off and pick me up later* sai ya yi tsuru-tsuru. A ɗaya gefen kuma Turancin titi ya yi wa matsalar yankan ƙauna, ya jefar da aikatau ya riƙe 'yar rakiya: *off the light*, *on the gen*. Wannan yana biyan buƙata a unguwa, kowa ya gane, ba kuma na raina shi. Amma mai gyaran takardar WAEC ba zai karɓa ba, wanda zai karanta takardarka a wata ƙasa ma haka.

Ba zan ce dalili ya kawar da buƙatar ƙamus ba. Ba wata dabara da za ta sanar da kai daga zaune cewa *over* ta *get over an illness* jagorar suna ce, ta *think the matter over* kuma 'yar rakiya ce. Akwai gwajin da ke taimakawa: jagorar suna tana yarda bayanau ya shiga tsakaninta da aikatau, *listen carefully to the teacher*, 'yar rakiya kuwa ba ta yarda, ba a cewa *turn carefully off the radio*. Sai dai gwajin ma yana son kunnen da ya ɗan saba. Don haka a koma ga ƙamus, amma a san yadda ake karanta shi. Ƙamusun Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya assasa kuma kamfanin Oxford ya fara buga shi a 1948, bugunsa na yanzu yana saka 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya don nuna cewa suna iya musayar wuri. Na Longman ma haka yake yi. Ɗalibai da yawa suna da ƙamusun nan, a takarda ko a waya, sun sha ganin kibiyar, ba wanda ya taɓa gaya musu aikinta.

Kirana ga 'yan'uwana malaman Turanci, musamman na ƙananan azuzuwan sakandare: a daina ba yara waɗannan aikatau tsirara. Kada a rubuta *turn off* a allo, a rubuta *turn it off*. Kada a rubuta *look after*, a rubuta *look after him*. Yaron da ya koyi kalmar tare da wakilin sunanta ya koyi ma'ana da tsari a lokaci guda, ba ya buƙatar jeri na biyu. A sa su faɗa da baki, da ƙarfi, su ji inda murya ke sauka. A ba su dogon karɓau da gajere su gwada da kansu. In yaro ya rubuta *throw away it*, a tambaye shi yadda zai faɗi abin da Hausa, a nuna masa inda harsunan biyu suka rabu. Kai kuma ɗalibi, yau ɗin nan buɗe ƙamusunka ka nemo *put off* da *look into*, ka duba wacce ke da kibiya wacce ba ta da ita, sannan ka gina jimla da kowacce kana amfani da *it*.